Duniyar da ranarta ba ta faɗuwa: ga amsoshinku

Tambayoyin nan dai su ake ta maimaita min a majalisa nan Ringim kan duniyoyin da ke zagaya wasu taurari, waɗanda gefe ɗaya kullum rana, ɗaya gefen kullum dare, to ga su wuri ɗaya, dan Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai duniyar ba ta juyawa ne?

Tana juyawa mana. Kafin ta gama juyi ɗaya ta zagaye tauraronta sau ɗaya, shi ya sa kullum fuska ɗaya ke kallonsa. Watanmu ma haka yake mana, kwana 27 da ɗoriya, tun kuna yara gefe ɗaya kuke gani.

Me ya jawo haka?

Kusanci. In duniya ta matso dab da tauraro, janyowarsa ce ke taka wa juyinta birki a hankali. Wata duniya mai suna Proxima b da aka gano a 2016 shekararta kwana 11 ce kacal.

Za a iya shuka gero a can?

To wannan ce tambayar, kuma kar wanda ya ce na ce e. Jajayen ƙananan taurarin da irin waɗannan duniyoyi kan zagaya haskensu mai rauni ne, galibinsa infared ne wanda ido ba ya gani, shi kuma ganyen gero hasken da ido ke gani yake ci. Sannan ka duba masarar da aka ɗora a garwashi ba a juya ba, gefe ya ƙone gefe ɗanye, in duniyar ba ta da iska haka za ta kasance, amma in iskar na da kauri tana iya kwasar zafi ta kai ɓangaren duhu, wataƙila a samu ruwa a tsakani inda rana ke zaune a gindin sama kullum kamar gab da magariba. Wataƙila fa na ce. A 2023 na'urar hangen nesa ta James Webb ta auna duniyar TRAPPIST-1b, mafi kusa da tauraronta cikin duniyoyi bakwai da ke zagaya shi, ta samu zafin gefen rana wajen digiri 230 a ma'aunin Celsius, ba alamar iska mai kauri. Ga taurarin da yawan aman wuta, wanda ke iya kore iskar.

A ɓangaren duhu taurari a tsaye suke?

A'a! Ranarsu ce kawai a tsaye. Sauran taurari na fitowa su faɗi, sai dai zagayen da suke mana a kwana ɗaya, can sai shekararsu ta cika.

Tamu duniyar za ta maƙale haka?

Ku kwantar da hankalinku, Baba. Muna da nisan kilomita miliyan 150 daga rana. Duniyar Makyuri ma da ta fi kowa kusa da rana ba ta maƙale ba, juyi 3 take yi a zagaye 2.