Waiwaye: Daga Sarkin Makafi Zuwa Katin Rigakafi

Tun kafin zuwan boko, ƙasar Katsina da ta Daura suna da nasu tsarin masu nakasa. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, kowanne da jama'arsa da masu kawo masa ƙara. Amma tsari ne na manya. Jaririn da ya yi wata shida bai riƙe wuya ba, ko yaron da ya shekara biyu bai ce uffan ba, babu mai damuwa da shi sai uwarsa da kakarsa. Sai a ce nauyin ƙafa ne ko nauyin baki, "haka ubansa ma ya yi." In abin ya tsananta a ce ɗan ruwa ne, a shiga rubutu da hayaƙi.

Da boko ya zo, ta ƙofar makaranta ya shigo. 'Yan mishan sun buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta keɓe babi guda ga ilimin masu buƙata ta musamman, kuma a shekarar aka kafa kwalejin horar da malamansu a Oyo. Mu ma a nan muna da makarantar kurame a Malumfashi da ta makafi a cikin birnin Katsina, kuma sun yaye mutanen da ake alfahari da su. Sai dai makaranta ba ta karɓar jinjiri. Kafin yaro kurma ya kai shekarun shiga aji ɗaya, lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi saurin kama harshe, na baki ne ko na hannu, ya riga ya yi nisa.

Abin takaicin shi ne yawancin abubuwan da ke jawo wa yara irin wannan nakasa sanannu ne: doguwar naƙuda, ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, tamowa, da sanƙarau, wanda annobarsa ta 1996 ta bar yara da dama a Arewa ba sa ji. Ɗauki ciwon shawara na jarirai kawai. Mai jego tana ƙuryar ɗaki, an saki labule, an naɗe jinjiri cikin zani har ranar suna. Idonsa ya yi rawaya tun kwana na uku, amma wa zai gani cikin duhu? Wadda ta lura ma sai ta ce a riƙa shanya shi a hantsi. Ya rage kama nono, kukansa ya koma tsiriri, yana ta bankarewa. A asibiti fitila ce mai shuɗin haske ake sa shi ƙarƙashinta, sau da yawa shi ke nan. In an makara, abin ya taɓa ƙwaƙwalwa da ji, kuma ba za a gane ba sai sa'o'insa sun fara rarrafe shi ko zama bai yi ba.

A waje an daɗe da sauya salo. Amurka ta yi doka a 1986 da ta shigar da yara masu nakasa daga haihuwa zuwa shekara 3 cikin tallafi, inda ake zama da iyaye a rubuta wa kowane gida tsarinsa. Amma wanda ya fi kama da halinmu shi ne gwajin Jamaika na wajen 1986: ma'aikatan lafiya na unguwa suna zuwa gidajen yaran da tamowa ta tsumburar sau ɗaya a mako, suna koya wa uwa wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka tarar samun yaran ya ɗara na takwarorinsu da ba a koya wa iyayensu haka ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Takardun doka kam ba mu rasa ba. Akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta ambaci ajin share fage, da dokar hana nuna wa masu nakasa wariya wadda Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a Janairun 2019. Jihar Katsina ta yi tata dokar kare yara a 2020, zamanin Aminu Bello Masari. A ganina dukkansu sun fi ƙarfi a kan makaranta da aiki da gine-gine. Shekaru ukun farko sun faɗa tsakanin ma'aikatu: ta lafiya na ganin aikin ilimi ne, ta ilimi na jiran yaro ya girma.

Yaƙi da shan inna ya nuna ana iya kaiwa ga jinjiri har ɗakin uwarsa. Gida-gida aka bi, da masu unguwanni da dagatai a gaba, har aka tabbatar a 2020 cewa ƙwayar cutar ta asali ta bar Najeriya. Haka kuma uwa tana kai jariri allura a sati 6, da 10, da 14, da kuma wata 9. A waɗannan ranaku ma'aikaciya na iya tambaya: "Hajiya, yana juyowa in an kira shi? Ya fara zama?" ta rubuta a kati. Wahalar tana gaba, domin masu gashin ƙashi da na'urar gwajin ji sun fi taruwa a manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina, alhali jihar ƙananan hukumomi 34 ce. Uwar da ke Baure ko Sabuwa, in an ce ta riƙa kawo yaro duk mako, kuɗin mota kaɗai ya isa ya zaunar da ita, sai fa in an koya wa ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na garinsu atisayen, su kuma su koya mata.