Cokali a bakin mai farfaɗiya

Har yau a unguwannin Agege da Idi-Araba na Legas, da zarar farfaɗiya ta kayar da mutum sai ka ji ana ihu a kawo cokali, wai kada ya haɗiye harshensa. Abin da ya fi damuna shi ne, wasu mataimakan nas masu jinyar tsofaffi a gidaje da wannan suka taso, kuma shi suke yi.

Mutum ba ya haɗiye harshensa, domin a manne yake da ƙasan baki. Cokalin ne ke ɓarna: ya karya haƙori, ya yanka dasashi, guntun haƙorin kuma ya faɗa hanyar numfashi. Mai cusa yatsa cizo zai sha. Ruwa ko man ja da ake ɗura masa yana cikin jijjiga, za su iya wucewa cikin huhunsa.

Aikin mai jinya shi ne ya janye kujera da duk abu mai kaifi, ya naɗe zani ya sa ƙarƙashin kan mai farfaɗiyar, ya sassauta masa wuyan riga, ya duba agogo. Kada a danne shi. Jijjiga na lafawa a juya shi ya kwanta a gefe, yawu ya zubo. Yawun nan ba ya yaɗa cutar, don Allah a daina gudun sa.

Yawanci jijjigar tana wucewa cikin minti 2 ko 3. In ta kai minti 5, ko ta dawo kafin ya farfaɗo, ko mai ciki ce, a kira lambar gaggawa ta 112 ko 767 nan take, tunda cunkoson Legas na iya riƙe motar asibiti a hanya.