Hafsikod "a kan ƙirar wane": me ake nufi?

Hafsikod kayan kiɗa ne na Turai mai kama da fiyano, amma ya girme shi. A fiyano ƙaramar guduma ce ke dukan tsirkiya. A hafsikod kuwa, in ka danna maɓalli, wani ɗan tsinke da aka fere daga gashin tsuntsu ne ke ɗaga tsirkiyar ya sake ta, kamar yadda mai molo ke yi da yatsa. Yawancin masu ƙira a yau roba suke sawa maimakon gashin. Ya yi tashe daga ƙarni na 16 zuwa na 18, sannan fiyano ya ture shi gefe.

Duk mai neman saye yanzu zai ga an rubuta "a kan ƙirar Ruckers" ko "a kan ƙirar Taskin, 1769". Ruckers da Taskin sunayen masu ƙira ne na dā. Manufa ita ce masassaƙin ya bi awo da tsarin wani tsohon hafsikod da ya rage a duniya: kaurin katakon, tsawon tsirkiyu, inda tsinken ke taɓa su. Wannan al'ada ba ta daɗe ba. Da aka farfaɗo da kiɗan a farkon ƙarni na 20, kamfanin Pleyel na Faris ya ƙera masu nauyi irin na fiyano. Sai a 1949 Frank Hubbard da William Dowd suka buɗe shago a Boston ta Amurka, suka koma auna na dā.

Na Italiya katakonsa siriri ne, muryarsa kaifi gare ta, kuma ba ta daɗewa a iska. Gidan Ruckers na Antwerp, a Beljiyam ta yau, sun yi suna har Faransawa suka riƙa sayen tsoffinsu suna faɗaɗa su. Na Pascal Taskin na 1769, mai jerin maɓallai hawa biyu, yana ajiye a Edinbura, kuma yana cikin waɗanda aka fi kwaikwayo. Masu son kiɗan Bach, mawallafin kiɗa na Jamus, kan nemi ƙirar Michael Mietke na Balin, domin a wurinsa Bach ya karɓo wa fadar Köthen, inda yake aiki, ɗaya a 1719.

Sai dai sunan ba ya nufin kwafi sak. Masu ƙira kan ƙara maɓallai, ko su sa dabarar sauya tsayin murya daga 415 zuwa 440 (wato yawan kaɗawar tsirkiya a daƙiƙa ɗaya). Ni ban ga laifinsu ba, muddin sun faɗi abin da suka canja. Mai saye ya tambayi wannan, ya kuma zauna ya kaɗa irin kiɗan da ya saba a kansa kafin ya biya.