Mene ne "tajnib" da ake yawan ambata a Sudan?

Duk wanda ya taɓa zama cikin hirar ma'aikatan gwamnati a Gadarif ko Kassala, a gabashin Sudan, ya ji kalmar nan. Larabci ce, tushenta ɗaya da "janib", wato gefe. Tajnib shi ne wata ma'aikata ta karɓi kuɗin jama'a, na haraji ko tara ko gudummawa, maimakon ta zuba su a baitulmali sai ta ware su a asusunta, ta riƙa kashewa ba tare da sun bi ta kasafin kuɗi ba.

Masu yi ba sa yarda a kira shi sata. Cewa suke ma'aikatar kuɗi jan ƙafa gare ta, kuma in ruwa ya ci gari ba wanda zai tsaya jiran takarda ta gama zagaya ofisoshi. Maganar da ƙamshin gaskiya. A Satumban 2020, da ruwan kogin Nilu ya haura mita 17 da rabi a Khartoum har aka kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku, gidaje sama da 100,000 suka lalace. Mai kwana a kan titi tanti yake nema a ranar, ba bayani ba.

Sai dai babban mai binciken kuɗi na ƙasa, wanda ake kira Muraji'ul Aam, sawu yake bi. Kuɗin da aka karkatar gefe kuwa kamar tafiya ce a kan dutse. Buhun dawa nawa aka saya, wa aka ba kwangilar, an gyara shingen kogin Gash na Kassala ko a takarda kawai aka gyara? Sai abin da mai asusun ya ga damar nunawa.

Mu mutanen gabas abin ya shafe mu kai tsaye. Yarjejeniyar zaman lafiya ta Asmara ta 2006, tsakanin gwamnati da 'yan tawayen gabas, ta tanadi asusun sake gina gabashin ƙasar na dala miliyan 600, a 2010 kuma aka yi alkawarin sama da dala biliyan 3 a taron masu ba da tallafi da zuba jari na Kuwait. Alkawari daban, abin da ya iso daban, abin da aka kashe daban. Mai bincike ne kaɗai ke iya jera ukun nan wuri guda, shi ma sai in kuɗin sun shigo ta ƙofa.

An gwada toshe ɓarakar a 2015, lokacin da aka mayar da rasit ɗin gwamnati, Urnik 15, na kwamfuta. Shi ya sa dattawan kasuwa, in mai karɓar kuɗi ya miƙo musu wata 'yar takarda daban, sai sun juya ta gaba da baya kafin su sa hannu a aljihu.