Wasa da zane don a san ciwon ƙasar noma: amsoshi ga malaman lakwal da matasan Tawa

Tambayoyin nan su ne ke dawowa kullum daga masu son wayar da kan yara da manoma. Ga amsoshinsu wuri guda, a karanta kafin a sake tambaya.

Wai ƙasa ma tana da lafiya?

Tana da ita. Manomin da ya ce gonarsa ta gaji ya riga ya amsa maka. Ƙasa mai lafiya tana shan ruwa, tana riƙe shi, akwai taki da ruɓaɓɓen ganye da halittu masu aiki a cikinta. Fako ba ya yin ko ɗaya.

Me ya sa sai da wasa? Bayani a allo bai isa ba?

Bai isa ba. Yaron da ya zuba ruwa da hannunsa ya ga laka ta gudu, shi ke kai labari gida.

Da wane wasa za mu fara?

Da gorori uku na roba, masu lita ɗaya da rabi. A kwantar da su, a yanke gefen sama a tsawonsa, a cika da ƙasar da aka ɗebo wuri ɗaya. Ta farko a bar ta tsirara. Ta biyu a rufe ta da karan hatsi da aka sassare. Ta uku a shuka mata hatsi ko ciyawa mako biyu kafin ranar. A jingine su a gangare ɗaya, a rataya kofi a bakin kowace, a zuba wa kowace rabin lita ta gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa. Kofin farko zai cika da jan ruwa, sauran su fi shi haske nesa ba kusa ba.

Masu cewa duka ukun sun fito da laka, ku duba aikinku. Ko kun kwarara ruwan kai tsaye ya haƙa rami, ko ƙasar ba ta zauna ba. A jiƙa ta, a bar ta kwana biyu kafin gwaji.

Ba mu da kuɗin fenti.

Wa ya ce a sayi fenti? Adar na da jar ƙasa, da fara, da baƙar lakar fadama, ga gawayi. A shanya, a daka, a tankaɗe da rariya, a sake tacewa da ƙyalle. A jiƙa ƙaro ya kwana, awo ɗaya na ƙaro ga awo uku na ruwa, a kwaɓa garin da shi. Ƙaro ya yi kaɗan, zanen zai kakkaɓe in ya bushe. Ya yi yawa, zai tsattsage. A zana a kwali ko bangon cikin aji, don ruwan sama na wanke shi. Kowane yaro ya rubuta inda ya ɗebo launinsa. Kuma don Allah a daina zana duniya tana kuka. A zana ramin tassa (ƙaramin ramin shuka da ake haƙa a fako don ya tara ruwa da taki), da gara, da saiwar gawo, abin da mahaifin yaron zai gani ya gane.

Mun binne ƙyalle don auna ran ƙasa, ya fito lafiya lau. Gonar ta mutu ke nan?

Kada ku yi saurin yanke hukunci, kada kuma ku faɗa wa mai gona haka. Manufar gwajin ita ce halittun ƙasa na cin auduga, don haka yawan yagewar ƙyallen na nuna yawan aikinsu. Amma abubuwa da dama na ɓata lissafin a ƙasarmu.

Da farko ƙyallen kansa. In da leda ko roba a saƙarsa, ko shekara ya yi ba zai ruɓe ba. A ƙona bakinsa a gani: auduga na zama toka, roba na narkewa ta dunƙule. A nemi farin akoko, a wanke shi, a yanka daidai da juna, kamar faɗin tafi biyu.

Sai danshi. Da rani halittun nan na kwance, ba su aiki. Ƙyallen da aka binne a jigawa a watan Maris zai iya fitowa cif ko da gonar na da kyau. Ko a yi gwajin da damina, ko a garkar lakwal inda ake ban ruwa. Zurfi kamar santimita 10 zuwa 15, a kafa sanda don kada a manta wurin, a jira mako shida zuwa takwas.

Akwai kuma akasin haka: ƙyalle ya ɓace ƙurmus cikin kwanaki kaɗan. Galibi gara ce. Wannan bai nuna ƙasar na da ƙarfi ba, don gara na zuwa ko a fako in ta sami abinci. Ba abin baƙin ciki ba ne kuma, domin ramukanta ne ke buɗe wa ruwa hanya, kuma da ita tassa ke aiki. A duba gefen abin da ya rage: in da shafen laka a jikinsa, aikinta ne, in ya yi tabo-tabo yana yagewa da yatsa, ruɓewa ce.

Saboda haka ƙyalle guda ba ya faɗar komai. A binne aƙalla uku a kowane wuri, rana ɗaya: ƙarƙashin gawo, tsakiyar gona, kan fako. A tono su tare, a shanya a igiya, yara su kwatanta da idonsu. Ko a nan, kwatance ne tsakanin wuraren, ba awon taki ba ne. Mai son sanin abin da gonarsa ta rasa, ya kai samfurin ƙasa INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar.

Tassa da rabin wata ba aikin manya ba ne?

Haƙar ta manya ce, fahimtar ta kowa ce. A Illela da Badagishiri na jihar Tawa manoma sun farfaɗo da fako da tassa tun ƙarshen shekarun 1980, aikin farfaɗo da ƙasa na Keita kuma ya fara a 1984. Yaran Tawa su san wannan tarihinsu ne. Ramin tassa faɗinsa santimita 20 zuwa 30, zurfinsa kamar 15 zuwa 20, a tara ƙasar da aka haƙo ta ɓangaren gangare, a sa taki cikin hannu ɗaya ko biyu. A raba yara gida biyu a ɗan tudu, kowane gida ya gina ƙananan rabin wata, wato kunya mai siffar rabin da'ira da ke tare ruwa, a zuba ruwa daga sama. Wanda ya juya bakin nasa ga gangare zai ga ruwa ya wuce shi.

Wace rana ta fi?

5 ga Disamba ita ce ranar ƙasar noma ta duniya. Ta dace da zane da gorori. 3 ga Agusta, ranar dashen itace, ta dace da binne ƙyalle, a tono a ƙarshen Satumba.

A wasan kwaikwayo, mu sa manomin da ke kwashe kara ya zama wawa?

A'a, kuma ku kiyaye. Mutumin nan yana kwashe kara ne don bisashensa su ci, ya yi darni, a hura wuta. In kun mai da shi abin dariya, dattawan da ke kallo za su tashi. Ku bar shi ya faɗi uzurinsa, maƙwabcinsa ya ce masa: "Malam, bar ko sulusi a inda iska ta fi kwashe yashi, sauran ka kai gida." Bayan wasan a nemi manomi ɗaya da zai yarda a gwada a kusurwar gonarsa, a koma a duba tare da shi lokacin girbi.