Allah ke zaɓar mutum, ko mutum ke amsa kiran Allah? Tsohuwar gardamar Kirista

A kan me ake gardamar?

Kusan duk Kirista sun yarda cewa ceto alheri ne daga Allah, ba wanda zai saye shi da aikinsa. Inda aka rabu shi ne nan: mutum biyu sun ji bishara, ɗaya ya ba da gaskiya, ɗaya ya juya baya. Daga ina bambancin ya fito? Wasu na cewa Allah ya zaɓi na farkon tun kafin a kafa duniya, hujjarsu Afisawa 1:4 da Romawa sura 9, inda Bulus ya ce an fifita Yakubu a kan Isuwa tun suna ciki, ba su aikata komai ba tukuna. Wasu na cewa hannu ɗaya aka miƙa wa dukansu, wannan ya kama wancan ya ƙi, su kuma suna riƙe da 1 Timoti 2:4, cewa Allah yana so dukan mutane su sami ceto.

Wa ya fara tayar da ita?

A Arewacin Afirka ta yi zafi. Felajiyus, wani malami ɗan Birtaniya da ya zauna a Roma, ya ga Kirista sun yi sakaci suna fakewa da raunin ɗan Adam, sai ya ce in Allah ya umarce ka da abu, to kana da ikon yinsa. Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya ce zunubin Adamu ya gurgunta nufin mutum, har son tuba ma sai Allah ya dasa shi a zuciya. Majalisar Kartaj ta 418 ta yi tir da koyarwar Felajiyus. A 529 Majalisar Orange a Faransa ta bi Agustin kan cewa alheri ne ke fara aiki, amma ta ƙi yarda cewa Allah na ƙaddara wa wani mugunta.

Ina Calvin da Arminiyus suka shigo?

Calvin, jagoran Furotesta, ya koyar cewa Allah ke zaɓa, Arminiyus kuwa ya ce mutum na iya ƙin kiran; ana yawan faɗin sunayensu tare kamar sun taɓa zaman muhawara, alhali Calvin ya rasu a Janeba a 1564, Arminiyus na ɗan yaro ƙarami. Arminiyus malamin tauhidi ne a Jami'ar Leiden, daga cikin cocin masu bin Calvin ya taso. Bayan rasuwarsa a 1609, almajiransa suka rubuta takardar ƙorafi mai batutuwa biyar a 1610. Majalisar Dort, taron masu bin Calvin a Holan, ta zauna daga 1618 zuwa 1619 ta amsa musu ɗaya bayan ɗaya: zaɓen Allah ba shi da sharaɗi, mutuwar Almasihu zaɓaɓɓu take ceta, wanda Allah ya sabunta zuciyarsa ba zai ƙi ba, kuma ba zai fāɗi har abada ba.

Abin bai tsaya a takarda ba. An kori fastoci masu bin Arminiyus kusan 200 daga aiki, kuma a Mayun 1619 aka fille kan Oldenbarnevelt, babban ɗan siyasar Holan da ya kare su, ko da yake rikicin mulki ya taka rawa sosai a kisan. A ganina, tambaya ɗaya ce ta ɗauke nauyin sauran: shin mutum na iya ture alherin Allah?

Katolika ma sun yi tasu, tsakanin ƙungiyoyin limamansu biyu, 'yan Dominikan da 'yan Jesuit, har Fafaroma Paul na Biyar ya hana su kiran juna 'yan bidi'a a 1607, ba tare da ya ba kowa gaskiya ba.

Wannan ba ita ce gardamar ƙaddara ba?

Akwai kama, wanda ya san Jabariyya (masu cewa mutum ba shi da zaɓi) da Ƙadariyya (masu cewa yana da shi) a Musulunci zai ji amon. Sai dai ta Kirista tana tsaye ne kan zunubin da aka gada daga Adamu, wanda Musulunci bai yarda da shi ba.

To wane ne na Allah? Ana iya gane zaɓaɓɓe?

A nan masu gardamar sukan sassauta murya. Agustin da kansa, lokacin da yake fama da 'yan Donatus masu neman coci na tsarkaka zalla, ya kawo misalin alkama da ciyawa na Matiyu 13: a bar su su girma tare har ranar girbi. Calvin ya ce jerin zaɓaɓɓu a wurin Allah kaɗai yake, duk wanda ya furta bangaskiya kuma rayuwarsa ta nuna, a ɗauke shi ɗan'uwa. Masu bin Arminiyus sun ce wanda ya ba da gaskiya ya dawwama a kai, shi ne na Allah.

Wannan rabuwa ta iso Najeriya ta hannun 'yan mishan: cocin NKST na Tibi ya gaji layin Calvin, Methodist kuwa na Wesley, mai bin ra'ayin Arminiyus. John Wesley ya yi wa'azi mai zafi yana sukar koyarwar zaɓe a Bristol a 1739, abokinsa George Whitefield ya mayar masa da martani a rubuce, tafiyarsu ta rabu biyu. Da Whitefield ya rasu a Amurka a 1770, Wesley ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, kamar yadda marigayin ya nema.