Tambayoyi da amsoshi kan ciye-ciyen Kano da 'yar fita zuwa Zariya ko Wudil

Abokai da 'yan'uwa masu zuwa Kano suna yawan yi min tambayoyi kan abinci saboda sun san ina son ci kuma ina son yawo, to ga waɗanda suka fi maimaituwa da abin da nake ce musu.

Wai ina ne aka fi iya abinci a Kano?

Ni kafin in ce maka ina, sai na tambaye ka ƙarfe nawa za ka fita. Don gaskiya a garin nan kowane abinci da lokacinsa, mai waina da ta iya hannunta kafin ƙarfe goma ta kife tanda ta shige gida, idan ka zo da azahar sai dai ka samu ta wata wadda ta huce ta yi tauri sannan ka koma garinku kana cewa Kanawa ba su iya waina ba. Ƙosai da koko na sassafe ne, ɗanwake da garau-garau na hantsi zuwa rana, tsire da balangu sai bayan la'asar lokacin da wutar tukuba ta kama sosai, shi kuma mai shayi da ƙwai ya fi armashi bayan isha'i. Wanda ya san wannan ko a wace unguwa aka sauke shi zai ci mai daɗi.

To a rana ta yau da kullum me kake ci?

Ba wani abin mamaki. Da safe koko da ƙosai ko waina da miyar taushe, da rana shinkafa da wake da mai da yaji, da dare tuwo. Abin da na fi damuwa da shi shi ne yajin, don garau-garau ba ta da wani sirri bayan man gyaɗa mai kyau da aka soya da albasa da kuma yaji da aka daka da citta da tafarnuwa da ɗan ƙuli, idan waɗannan biyun suka yi to an gama magana.

Ɗanwake kuma a gabanka ya kamata a jefa shi. Za ka ga ta ɗebo kwaɓin da hannu, garin wake ne da na rogo ko fulawa da kuka da ruwan kanwa, tana tsinkawa ƙanana tana sakawa cikin ruwan da ke tafasa, su nutse sannan su taso sama ɗaya bayan ɗaya, ta bar su su ɗan ƙara dahuwa ta tsame ta zuba cikin ruwan sanyi ta tsane. Wanda ya daɗe a kula yakan manne ya yi nauyi a ciki.

Mene ne bambancin gurasa da bandashe? Ina jin ana faɗa ban gane ba.

Gurasa ita ce ainihin abin da aka gasa, kwaɓin fulawa da yis ake mannawa a jikin tanderu mai zafi har ta gasu, kuma unguwar Jakara a cikin birni ta yi suna sosai wajen yin ta. Bandashe kuma haɗin ne: a ɗan tsoma gurasar a ruwa ta yi laushi, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. Wasu masu tsire sukan ɗora gurasar a gefen wuta man naman ya riƙa ɗiga a kanta, wannan ita ce wadda nake so wallahi, don tana shan ƙamshin hayaƙi kuma gefenta ya ɗan ƙone kaɗan.

Gidajen abinci na zamani fa, kana ganin asarar kuɗi ce?

A'a ko kaɗan, ina zuwa kuma ina jin daɗi. Idan da iyali ne ko baƙo mai son wuri mai sanyi da banɗaki mai tsafta ai dole ka nemi irin na Nassarawa GRA ko na titin Zoo Road, kuma shawarma da gasasshiyar kaza irin ta Lebanon sun daɗe da zama 'yan gida a Kano saboda Kwarorin da suka zauna a garin tun zamanin kasuwancin gyaɗa. Sakwara da miyar agushi da farfesun kan akuya kuma Sabon Gari ake nufa.

Abin da ke ɓata min rai dai shi ne wasu wuraren sun kashe kuɗi a fitilu da kujeru amma tuwonsu ba ya ciyuwa. Ni da miyar kuka nake auna gidan abinci. Idan aka kawo ta da kauri daidai, ƙamshin daddawa ya fito, ba a cika ta da magi ba, ga man shanu na gaske a gefe, to akwai mai girki a kicin ɗin nan kuma sauran abincinsu ma zai yi. Akwai wani wuri mai tsada da aka taɓa kawo min miyar kuka tsararo da gudaji a ciki kuma da sanyinta, alhali shinkafar da suka kawo wa na kusa da ni an ƙawata ta kamar me, wato abincinmu ne ba su ɗauka da muhimmanci ba, abin ya dame ni sosai.

Idan ina da rana ɗaya da mota, wace hanya zan bi?

Hanyar Zariya, musamman da rani. Tafiyar ba ta da nisa, wajen kilomita 150 ce, kuma kusan duk abin da za ka gani a bakin titi daga gonar da ke bayansa ya fito. Kana barin Na'ibawa inda kasuwar 'Yan Lemo take sai Kura, ƙasar shinkafa, sannan Kadawa da Kwanar Gafan inda kwandunan tumatir da tattasai da attaruhu suke jere manyan motoci suna lodi zuwa kudu. Wannan noman ranin duka ruwan madatsar Tiga ne, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo aka kammala a 1974, ruwan yana bin magudanai har cikin gonakin, shi ya sa a tsakiyar rani da ko'ina ya bushe nan wajen yake kore shar. Ka wuce Chiromawa da Kwanar Ɗangora, idan ka kai Tashar Yari ka shiga ƙasar Maƙarfi ke nan, ƙasar rake, lokacin sanyi za ka same shi an kankare fari tas, ka nemi mazarƙwaila ma ka riƙe wa na gida.

A Zariya kuma kada ka yarda ka dawo ba ka sha fate ba. Tsakin masara ne ake dafawa da ganye, yakuwa ko rama ko alayyahu, da gauta da manja ko man gyaɗa, ɗan tsamin yakuwar nan shi ne daɗinsa, kuma Zazzagawa sun fi mu iya shi, wannan ba abin musu ba ne. Ka tambayi 'yan acaɓa ko masu shago a Tudun Wada ko Sabon Gari ina suke ci da kansu. Idan ka leƙa Samaru wajen jami'ar Ahmadu Bello za ka samu abinci mai arha iri-iri saboda ɗalibai daga ko'ina suke.

Ka fita da sassafe, ka duba taya da ruwan mota, ka yi ƙoƙari magariba ta yi maka a gida.

Ba wadda ta fi wannan kusa?

Akwai Wudil, wajen kilomita 40 a hanyar Maiduguri. Ranar Juma'a kasuwar shanu take ci, ranar nama da nono sun wadata, kuma kusa da gada akwai masu soya kifin kogi. Za ka iya tafiya da hantsi ka yi sallar Juma'a a can ka dawo kafin la'asar, sai dai ka shirya wa cunkoso.

Ni fa tsoron ciwon ciki nake yi a abincin hanya.

Tsoronka yana kan hanya, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa. Abin da nake yi shi ne in ci wanda aka sauke daga wuta a gabana, in guji ɗanyen haɗi irin latas da kabejin da ban san da wane ruwa aka wanke ba, in kuma tafi da ruwan shana. Tsire ko da ya gasu na kan ce a mayar min kan wuta, mai nama na kirki ba ya jin haushin haka. Ka kalli man suya, idan ya yi baƙi ƙirin yana kumfa ka wuce. Fura da nono ita ce ta fi buƙatar lura don ruwan da ake sirka nonon da ƙanƙarar da ake jefawa su ne matsalar, gara ka sayi kindirmo mai kauri da curin fura ka kai gida a dama maka. Sannan inda ka ga direbobin haya sun cika wuri, abincin ba ya kwana a wajen, wannan alama ce da ba ta cika yin ƙarya ba.

Wace tsaraba ce ba ta lalacewa a hanya?

Kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da alkaki. Kilishi na Agadasawa a cikin birnin Kano ya yi suna, kuma na lokacin hunturu da bazara ya fi don rana da iska ne suke busar da naman kafin a tsoma shi a haɗin tunkuza da yaji a sake shanyawa a gasa, da damina ba ya bushewa yadda ya kamata. Ka ce a ba ka ɗanɗano tukuna, ka karya ka gani, mai kyau sirara ne yana karyewa ba ya jan haƙori kuma ba ya warin tsohon mai. Kada ka ƙulle shi a leda da ɗuminsa, gumi zai yi ya yi funfuna, a naɗe maka a takarda mai tsafta idan ka isa gida ka buɗe ya sha iska. Tumatir ɗin Kwanar Gafan kuma ka saya a hanyar dawowa, ka sa shi a kwando a saman kaya kada a danne shi a but.